Jirgin Talata, Ƙuri'ar Laraba

An yi wani mutum a wata ƙasa, can shekarun baya, ana ce masa Malam Mamuda. Bawan Allah ne marar hayaniya, ma'aikacin ɗakin shan magani a wani ƙauye na bakin kogi. Shekara goma sha tara yana wanke gyambo, yana haɗa wa yara ruwan gishiri da sukari. Da zaɓe ya zo, mutanen yankin suka ce shi suke so ya wakilce su a majalisar dokokin jiharsu. Ya ce ba shi da ko kuɗin buga hoto. Jam'iyya ta ce kada ya damu, akwai masu taimakawa. Aka buga hotuna, aka zuba wa motoci mai, ya ci zaɓe. Bai tambayi su wane ne masu taimakon ba. Ku riƙe wannan, 'yan uwana mata. Kuskurensa ke nan, shi da bakinsa ya faɗa daga baya.

Ashe mai taimakon wani kamfanin jimar fata ne, wanda ya kafa masana'anta a saman kogin. Akwai tsohuwar doka da ta hana zuba ruwan jima a kogi sai an tace shi, tacewar kuwa tana da tsada. Sai kamfanin ya sa lauyoyinsa suka rubuta sabuwar doka, aka kai majalisa kamar 'yan majalisa ne suka rubuta. Kogin nan kuwa shi ake sha, a nan ake wanki, da ruwansa ake dama wa jarirai koko.

To ku saurara ku ji yadda suke ƙuri'a a majalisar tasu. Kakaki zai ce masu so su ce e, a yi ihu gaba ɗaya. Marasa so su ce a'a. Sai ya buga guduma, ya ce masu e sun yi rinjaye. Ba a san bakin wa ya ce me ba. Kowa ya koma gida ya rantse shi a'a ya ce. Amma a ƙa'idarsu, in mutum ɗaya ya miƙe kafin guduma ta sauka ya nemi a kira suna, dole a kira kowa ya faɗi nasa a rubuta. Kowa kuma ya san mutum ɗaya ne zai iya miƙewa, wato Malam Mamuda.

Wakilin kamfanin, wani Alhaji Shitu, bai nemi Malam Mamuda ya ce e ba. Bai ma fara zuwa wurinsa ba. Wurin mahaifiyarsa ya je, Inna Gambo, tsohuwar da ta haura saba'in, wadda ba ta da wani buri a duniya sai ta ga Ka'aba da idonta. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce an ba ta kujerar Umra, ita da ɗanta.

Kafin Malam Mamuda ya dawo daga birni, Inna ta ɗinka fararen kaya. Ta bi gida gida tana sallama, tana neman gafarar maƙwabta. Har wata mata da suka yi shekara shida ba sa magana ta je ta same ta. Da ya iso ta miƙa masa takardun tana dariya tana kuka. Ya duba. Jirgi ranar Talata zai tashi. Dokar kuwa ranar Laraba za a yi mata ƙuri'a.

Ya je ya sami Alhaji Shitu, ya yi godiya, ya roƙi a ɗaga tafiyar mako guda. Alhaji ya ce kujera ba ta ɗaguwa. Ya ce to Inna ta tafi da ƙanensa. Alhaji ya ce da sunansa aka yanka, ko su biyu ko babu.

"Onarabul, wa ya ce ka yi saɓo? Ɗakin Allah za ka. Ka dawo ka ce wa mutanenka ba ka nan aka yi. Ƙarya ka yi?"

"Ba ƙarya ba ce, Alhaji. Amma na san abin da ya sa ba na nan."

Alhaji ya yi murmushi, ya tambaye shi ko ya san wanda ya buga hotunan da har yanzu suke manne a bangon kasuwa. Ya ƙara da cewa zaɓe yana sake zuwa, kuma uwa ba ta sake zuwa.

Ku saurara. Da kuɗi aka kawo masa a buhu, da abin ya zo da sauƙi, ya ce a'uzubillahi ya mayar. Amma wannan ibada aka naɗe abin a ciki, aka miƙa ta hannun uwa.

Ranar Litinin ya durƙusa gaban Inna ya gaya mata komai. Ya gaya mata yaran da ya gani a wani gari inda ake zuba irin ruwan nan, fatarsu ta saɓule, cikinsu ba ya riƙe komai. Ta ɗora hannunta a kan jakar da ta ɗaure, ta ce:

"Kai, ka bari na yi sallama da gari. Da wane ido zan fita?"

"Inna, ki yafe mini."

Ba ta ce ta yafe ba. Ta juya fuskarta bango. Talata jirgi ya tashi babu su. Laraba da safe ya gaishe ta, ba ta amsa ba. Haka ya tafi majalisa, babu albarkar bakinta a kansa.

Aka karanta doka. Kakaki ya ce masu so, zaure ya ɗauka da e. Ya ce marasa so, aka ji 'yan muryoyi. Ya ɗaga guduma. Malam Mamuda ya yunƙura zai miƙe. Na kusa da shi ya danne masa gefen riga da ƙafa, ya ce zauna, malam, kana da iyali. Ya fizge rigar har ta yage, ya miƙe, ya ce yana neman a kira suna.

Kakaki ya yi kamar bai ji ba. Ya sake faɗa da ƙarfi. 'Yan jarida da ke zaune a sama suka gyara zama. Babu yadda aka iya, akawu ya fara kira. Mutanen da suka cika zaure da ihu, da aka kira su ɗaya ɗaya, wannan ya kalli takalminsa ya ce a'a, wancan ya tuna yana da uzuri a waje. Doka ta faɗi da ƙuri'a biyu.

Ba zan ce muku ya yi arziki ba. Zaɓe na gaba jam'iyya ta ba wani takara, ya koma ɗakin shan maganinsa. Inna ta yi kusan wata biyu ba ta yi masa magana ba, sai wata rana ta aika a ce ya zo ya ci tuwo kada ya huce. Shekara ta zagayo ta rasu, ba ta ga Ka'aba ba. Wannan ya riƙe shi a zuciya har ƙarshen ransa. Amma yaran bakin kogi sun ci gaba da shan ruwan da ba ya kashe su.

To 'yan uwa, darasin a fili yake. Wanda aka ba amana, rashin zuwansa ma ƙuri'a ce, kuma za a tambaye shi. Mu ba a kawo mana kujerar Makka. Atamfa ake kawo mana da taliya, a ce ajiye katin zaɓenki a wurinmu, ko a ce rana ta yi zafi, ga goyo, yi zamanki a gida. Ba a ce ki zaɓi mugu ba, an dai ce kada ki zo. Duk mai ba ki kyauta gab da zaɓe, tambayi daga aljihun wa ta fito, da abin da zai karɓa in an ci. Ranar ƙuri'a ki ɗaura goyonki, ki ɗauki ruwa da lema, ki je ki tsaya a layi. Dokar da za a yi a can, a kofin ɗanki za ta ƙare. Allah Ya ba mu ikon tsayawa inda aka so mu ɓace.