Ƙafa Aka Kira Ta Ta Duba

Akwai wani direban babbar mota, Bashiru, ɗan Bunguɗu, a shekarun da ake jigilar gyaɗa da auduga zuwa tashar jirgin ƙasa ta Gusau. A lokacin direba mutum ne da ake ji da shi, Bashiru kuwa ya san haka. Abu ɗaya ne ba ya so a ambata a gabansa, wato yayansa Bello.

Bello ya je yaƙin Bama, can ƙetaren teku a zamanin Turawa, yana saurayi. Ya dawo ba rauni a jikinsa, amma ba yadda ya tafi ba. Barci ya ƙaurace masa. Da an yi tsawa sai ya shige ƙarƙashin rumbu yana kiran sunayen da ba wanda ya sani. An ba shi rubutu, an yi masa turare, an kai shi wurin masu magani har Mada. Matarsa ta gaji ta koma gidansu.

Wata ranar kasuwa tayar mota ta fashe, Bello ya kifar da tukwanen wata mata ya ruga, jama'a na masa ihu. Ranar Bashiru ya kira maƙeri aka sa masa mari a ƙafa, aka kulle shi a ƙuryar gida.

Mahaifiyarsu Inno ta yi ta kuka. Bashiru ya ce, "Inna, ni ke riƙe da gidan nan. Ba za a riƙa nuna ni a tasha ana cewa ga ƙanen mahaukaci ba."

Sannu a hankali ƙarfen ya ci ƙafar Bello har ta fara wari. Dole Inno ta aika aka kira Malama Rifkatu, wata nas Kirista da ke zuwa daga Gusau duk ranar kasuwa tana duba marasa lafiya.

Da Bashiru ya kai ta bakin ɗakin, sai ta tsaya ta ce, "Malam Bello, sunana Rifkatu. In shigo?"

Bashiru ya yi dariya. "Wurin wa kike neman izini?"

Ba ta kula shi ba, ta ci gaba da jira. Can daga ciki aka ce, "Shigo."

Ta wanke ciwon, ta ɗaure. Maimakon ta tashi, sai ta gyara zama ta ce, "Inna ta ce ba ka barci. Me kake gani?"

Bello ya kalli ƙasa ya ce, "Mutanenmu da muka bari a bakin kogi."

Bashiru bai taɓa jin wannan magana ba. Babu wanda ya taɓa tambaya.

Da suka fito ta ce, "A cire ƙarfen nan yau."

"Ƙafa aka kira ki ki duba, Malama."

"Ita na duba. In aka bar shi za ta ruɓe, sai dai a yanke. Mai ƙafar kuma ba zai samu sauƙi a kulle shi kaɗai ba."

"In ya ji wa wani ciwo fa?"

"Ya taɓa dukan wani?"

Bashiru ya yi tunani bai tuna ko sau ɗaya ba.

Ta ce, "Gudu yake yi. Tsoro ne ke damunsa."

Ba don ya yarda ba Bashiru ya kira maƙerin. Gudun kada a ce shi ya sa aka yanke wa yayansa ƙafa ne.

Rifkatu ba ta yi musu alkawarin warkewa ba. Ta ba da ɗan maganin barci, ta ce a mayar da Bello gona, a riƙa cin abinci da shi. In hadari ya taso, wani ya zauna kusa da shi, kada a danne shi, a dai riƙa gaya masa a Bunguɗu yake, ga Inna nan. Duk zuwanta sai ta biyo ta gidan su zauna a zaure, ya yi magana ko ya yi shiru.

Da tsawar farkon damina, Bello ya sake gudu, sai a gonar dawa aka tsince shi. Bashiru ya tuƙa mota har asibitin Gusau ya sami Rifkatu.

"Ga sakamakon aikinki."

Ta ce, "An gan shi lafiya? Me ya yi da safe?"

"Ya sha kunu, ya ɗauki fartanya."

"A da yakan yi haka bayan ya firgita?"

Bashiru ya girgiza kai.

"Zai iya sake faruwa," in ji ta. "Ku dai ci gaba."

Shekaru suka shuɗe. Bello ya koma noma sosai, ya koma sahun masallaci. Bai rabu da firgita gaba ɗaya ba, amma ya san zuwanta, ya san yadda zai yi da ita. Bashiru dai gaisuwa kawai ke haɗa shi da Bello.

Sai ga shi wata rana a gangaren kusa da Tsafe birki ya ƙwace wa Bashiru. Motar ta kife da fasinjojin da ke kan buhunan gyaɗa, aka rasa rayuka. Shi ko ƙwarzane bai yi ba, hukuma kuma ba ta same shi da laifi ba.

Amma daga ranar, da ya kama sitiyari sai ya kasa tuƙi. Ko ƙanshin fetur ba ya son ji. Ya ce wa mutane zazzaɓi ne. Da ya ji an fara raɗe-raɗin ya taɓu, sai ya koma Bunguɗu ya daina fita.

Wata la'asar Bello ya dawo daga gona, ya yi sallama, ya zauna kusa da shi a kan tabarma. Bai yi masa wa'azi ba. Ya ce, "Kana ganinsu in ka rufe ido, ko?"

Bashiru ya sa hannu ya rufe fuska. Da ƙyar ya ce, "Yaya, hauka nake yi?"

"A'a. Ka ga abin da ya fi ƙarfin zuciya ne. Gobe kasuwa, Malama za ta zo. Tare za mu je."

"Da wane ido zan kalle ta?"

"Da naka. Ba ta riƙo."

Haka kuwa aka yi. Rifkatu ta yi masa jaje, ta saurare shi, ba ta tayar da maganar baya ba. Bashiru bai ƙara tuƙa babbar mota ba. Da ya samu sauƙi sai ya kama aikin kamasho a tashar Gusau, ya riƙe iyalinsa da shi.

Wani maraice suna cin tuwo a kwano ɗaya, ya tsame hannu ya ce, "Yaya, abin da na yi maka..."

Bello ya turo masa kwanon ya ce, "Na yafe tuntuni. Ci, miya na hucewa."

Darasi: Mai ciwon ƙwaƙwalwa mutum ne mai suna da mutunci, kuma ba wanda ya fi ƙarfin wannan jarrabawa. Kada kunyar mutane ta sa ka ɓoye ɗan'uwanka. Ka saurare shi, ka kai shi wurin ma'aikatan lafiya, ka yi haƙuri da jinkirin sauƙi. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai gidan da ke jiran wannan labari.