Mai Gadin da Ya Sa Aka Hana Musayar Aiki

Ranar Talata, ranar Babbar Sallah, abin ya fara.

Akwai wani mai gadi a ƙofar wata jami'a, sunansa Gayus. Abokin aikinsa Musulmi ne, Malam Ɗayyabu. Shekara tara suna musayar aiki: in Sallah ta zo Gayus ya riƙe ƙofa, in Kirsimeti ko Ista ta zo Ɗayyabu ya riƙe.

Ran nan Gayus yana tsaye cikin koɗaɗɗen kakinsa, sai ga Ɗayyabu ya dawo daga Idi cikin sabuwar shadda, 'ya'yansa na biye. Har wani farfesa ya tsayar da mota ya ba shi hannu. Gayus ya buɗe wa motar ƙofa, ko kallo bai samu ba.

Ɗayyabu ya ce, "Baban Rifkatu, sannu da aiki! An jima yara za su kawo maka hanta."

"A gaishe ku, manya," in ji Gayus. A ransa kuwa cewa yake, "Shi Sallah biyu, ga Mauludi. Ni biyu kacal. Jaki aka samu?"

Washegari ya kai ƙara wurin shugaban masu gadi, wai musayar nan cuta ce. Shugaban ya ce, "To, an hana. Kowa ya tsaya ranar da takardar rabon aiki ta sa shi."

Ista ta zo, ranar da za a yi wa 'yarsa Rifkatu baftisma, takarda kuwa ta faɗo kan Gayus. Da sassafe Ɗayyabu ya iso cikin kaki, ya ce, "Tafi, ni zan tsaya." Shugaban ya ce, "A'a. Shi ya roƙi dokar nan da bakinsa."

Gayus ya wuni a bakin ƙofa, yana jiyo waƙar zumuntar matan majami'a daga nesa. Aka yi wa 'yarsa baftisma bai gani ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: hassada ba ta ƙara wa mutum ko yini ɗaya, na hannunsa ma take ƙwacewa. Irin Gayus kuwa yana zaune a cikinmu yau, a majami'ar nan. Da ku nake, ɗaliban da kuka manna takardar zagin Musulmi don an ɗage jarrabawa saboda Sallah. Na karanta ta sau biyu, kunya ta kama ni. Su wa suka tsare mana ƙofar majami'a ranar Kirsimeti, muna ciki muna sujada? Ba waɗanda kuka zaga ɗin ba ne?

Kada wani ya ce mini ya tuba a zuci. A allon sanarwa kuka ci mutuncinsu, a allon nan za ku nemi gafararsu kafin Lahadi, kowa da cikakken sunansa.