Kurkunu da Tsinken Iya Gwamma

Akwai wani manomi a wani ƙauye, mutum mai ƙarfi, mai ƙarancin magana. Sunan matarsa Tabita. Yana ƙaunarta ƙwarai, sai dai bakinsa bai iya faɗa ba. Abin da ya iya shi ne, kowace damina in ya gama shukar gero, sai ya bi iyakar gonar ya shuka mata layin yakuwa, gama ta taɓa ce masa tana son ganin jan yakuwa sa'ad da gero ya yi kai. Sau ɗaya ta faɗa, tun yana nemanta. Bai manta ba.

Wata shekara, ana dab da ruwan shuka, sai ya ji ƙaiƙayi a idon sawunsa. Ƙaiƙayi ya zama zafi, zafi ya tara bororo, wurin yana ƙuna kamar an ɗora garwashi. Da bororon ya fashe, sai ga wani farin abu kamar zare ya leƙo. Ya gane shi, gama ya taɓa gani a ƙafar waɗansu. Kurkunu ne, tsutsar nan da takan bi ruwan sha ta shiga jikin mutum, ta kwanta shiru har shekara ta zagayo, sa'an nan ta nemi hanyar fita. Ya kuwa tuna inda ya sha. Bara, yana komowa daga jana'izar mahaifinsa, ƙishirwa ta kama shi a hanya, ya durƙusa ya sha daga wani kududdufi.

Manomin ya sauke ƙafar wandonsa ya rufe wurin. Ya ce a ransa, “Ubana bai taɓa kwanciya da damina ba. Ni ma ba za a ji kaina ba.” In zafin ya ishe shi, sai ya je tafkin da ke bayan gidansu, ya tsoma ƙafar a ruwa. Nan take yakan ji sanyi har cikin ransa. Amma kafin ya kai gida ƙunar ta komo, ta fi ta dā.

Tabita ta lura. Ta ce, “Maigida, me ya sami tafiyarka?”

Ya ce, “Tafiyata ce ta dame ki? Ki kula da tukunyarki.”

Bai taɓa yi mata magana haka ba. Ta sunkuyar da kai ta koma madafa. Shi kuwa ya ga fuskarta, abin ya soke shi, amma bai kira ta ba.

Ruwan shuka ya sauka. Kowa ya saɓi sungumi ya nufi gona. Manomin ma ya fita yana cije leɓe, amma bai kai rabin hanya ba ƙafar ta ƙi, ya faɗi a bakin wata gona. A nan taubashinsa Cindo ya tarar da shi.

Cindo ya ce, “A'a! Yau kuma gonar wani ake yi wa sujada? Tashi, malalaci, ba a raba gero a kwance.” Da ya ɗaga ƙafar wandon ya gani, ya yi dariya. “Wannan ɗan zaren ne ya kayar da ƙato? Rufe ido, yanzu-yanzu zan raba ka da shi.”

Cindo yana ƙaunarsa, hannunsa kuma yana da ƙarfi. Ya kama bakin kurkunun ya fizga. Kurkunu ya tsinke, sauran ya koma ciki. Kafin kwana kaɗan ƙafar ta kumbura har gwiwa, zazzaɓi ya kwantar da manomin, abin da yake ɓoyewa ya fito fili.

Masu gaisuwa suka cika gida, kowa da tasa shawara. Kawunsa ya ce, “Ka bincika zuciyarka, ɗana. Ciwo ba ya zuwa haka kawai. Ka ƙara addu'a.” Manomin ya yi addu'a, ya bincika zuciyarsa har ya gaji, kumburi bai saɓe ba. Sai aka ɗora shi a jaki aka kai shi wurin wani mai magani a kasuwa, wanda ake jin muryarsa tun daga nesa. Mutumin ya kwance ƙyallen da aka ɗaure ciwon da shi, ya ɗaga ƙafar sama, ya ce, “Jama'a, ku matso ku ga irin waɗanda ake kawo mini!” Mutane suka taru suna kallo, waɗansu suna toshe hanci. Manomin ya rufe fuskarsa da hula. A hanyar komowa ya ce wa matarsa, “Daga yau ba wanda zai ƙara ganin ƙafar nan. In mutuwa ce, ta same ni a ɗakina.”

Kumburin ya fashe ya zubar da mugunya, amma ga wani sabon bororo ya taso kusa da na farko, wani kurkunun ya leƙo. Manomin ya juya fuska ga bango, ba ya magana da kowa.

Tabita ba ta zauna ba. Ta shiga bin mutanen da ta san kurkunu ya taɓa kwantar da su suka tashi. Ba ta tambaye su wa ya fi suna ba. Ta ce, “Wa ya warkar da ke? Yaya ya yi miki? Bayan kin tafi, kin ji labarinki a bakin wani?” Suna ɗaya ta yi ta ji, wato Iya Gwamma, wata dattijuwa a ƙetaren rafi, wadda ta koyi aikin tun tana budurwa, ta kuma tsufa a cikinsa.

Tabita ta zo ta durƙusa a bakin gadon mijinta, ta ce, “Maigida, na yi addu'a, na kuma yi tambaya. Akwai wata a ƙetaren rafi.”

Ya ce, “Na gaji da masu magani.”

Ta ce, “Shekara da shekaru kana shuka mini yakuwa ban roƙa ba. Yau ina roƙo. Ka tashi mu je.”

Ya juyo daga bango. Sa'an nan ya ce, “Kawo jakin.”

Da suka isa, Iya Gwamma ta sallami matan da ke hira a tsakar gidanta, ta shigar da su ɗaki, ta saki asabari. Ba ta taɓa ƙafar ba tukuna. Ta ce, “Faɗa mini, ɗana. Yaushe ya fara? Wa da wa suka sa hannu?” Manomin da ba ya magana ya yi ta magana, ita kuwa tana sauraro. Bayan haka ta wanke wurin da ruwan ɗumi, ta shafa mai a kewaye, ta ɗauko tsinke, ta kama bakin kurkunun ta naɗa a hankali. Ta juya tsinken kaɗan, ta dakata, ta ƙara juyawa. Da ta ji ya tirje, sai ta tsaya, ta ɗaure tsinken a jikin ƙafar da ƙyalle mai tsabta.

Ta ce, “Na yau ke nan. Gobe ka komo.”

Ya dubi abin da ya fito, bai kai tsawon gaɓar yatsa ba. Ya ce, “Iya, saboda wannan na haye rafi?”

Ta ce, “Ai ka ga aikin mai sauri, ga shi nan a gwiwarka. Ni ba na ja. Abin da ya saki shi nake naɗewa.”

“Shukar gero za ta wuce ni.”

“Za ta wuce ka, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ƙafar nake so ka tsira da ita.” Ta ɗauraye hannunta, ta ce, “In ƙunar ta tashi, me kake yi?”

“Ina tsoma ta a tafkin da ke bayan gidanmu.”

Iya Gwamma ta dube shi. Sa'an nan ta ce a hankali, “Kurkunu in ya ji ruwa, 'ya'yansa yake zubawa a ciki. Wa ke ɗebo ruwan sha a tafkin nan?”

Manomin ya juya ya dubi Tabita. Ya tuna tulun da take ɗaukowa kowace safiya, da yadda takan sha da tafin hannu kafin ta cika shi. Sai kukan da bai yi ba a bakin kabarin mahaifinsa ya ƙwace masa. Dattijuwar ba ta ce masa ya yi shiru ba. Ta bar shi har ya gama, ta ce, “Ba da sani ka yi ba, sauƙi kake nema. Daga yau ka tsoma ta a kasko, a zubar da ruwan a busasshiyar ƙasa. Ke kuma, 'yata, ki tace ruwanki da ƙyalle, ki tafasa.”

Haka suka yi ta zuwa suna komowa. Wata rana kurkunun ya saki da yawa, wata rana ko kaɗan. Akwai ranar da manomin ya ce ba zai koma ba, amma da safe ya ga Tabita ta riga ta ɗaura wa jaki akumari, ya hau. Ana nan, ran nan Iya Gwamma ta juya tsinke, sai ga wutsiyar ta fito. Ta miƙa masa tsinken. Ya riƙe yana kallo, yana mamakin yadda siririn abu haka ya kusa raba shi da ƙafarsa da gidansa.

Da ya iya takawa ya dogara sanda ya je gona. Ya tarar Cindo ya shuka masa gero a gefe guda bai gaya wa kowa ba. A sauran filin kuwa, manomin ya shuka wake, gama lokacinsa bai wuce ba. Sa'an nan ya bi iyakar gonar yana ɗingishi, ya shuka layin yakuwa.

Shekara ta zagayo. Wata safiya, hadari yana haɗuwa a gabas, Tabita tana daka, sai ya ga ta ajiye taɓarya ta sosa idon sawunta. Da ta ga yana kallo, ta ja zane za ta rufe.

Ya ce, “Kada ki rufe, Tabita.”

Ya durƙusa ya duba. Ɗan bororo ne, bai ko fashe ba. Ya jingine sungumin da ke hannunsa, ya kwanto jaki.

Ta ce, “Ruwan shuka fa, Maigida?”

Ya ɗaga ta ya ɗora, ya kama igiya, ya ce, “Gero ya jira. Na san hanya.”

Ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, ita ce: kurkunu shi ne ciwon da ke kwance a cikin rai. Mutuwar wanda muke ƙauna, abin da idonmu ya gani a lokacin tashin hankali, cin zarafin da ba mu taɓa gaya wa kowa ba. Mukan ce ya wuce, ashe kwanciya ya yi. Daga baya sai ya fito da wata kama: barci ya ƙaurace, abinci ya fita kai, tsoro ba dalili, fushi da wanda bai yi laifi ba, ko mutum ya ji duniyar duka ta fita ransa. Wannan ciwo ne kamar kowane ciwo. Ba hauka ba ne, ba kuwa alamar ƙarancin bangaskiya ba.

Tafkin shi ne inda muke gudu mu sami sauƙi na ɗan lokaci. Wani giya, wani ƙwaya, wani tsawa, wani kuma shirun da ke daskarar da gida. Mukan ce kanmu kaɗai muke cuta. Amma daga ruwan nan matanmu da mazanmu da 'ya'yanmu suke sha.

Cindo yana cikinmu, shi ne mai cewa, “Manta kawai, ka zama namiji.” Kada ku ƙi shi, ƙaunarsa gaskiya ce, yana da amfani a gona. Sai dai ba kowane hannu mai ƙauna ne ya koyi riƙon tsinke ba. Kawun ma bai yi kuskure da ya ce a yi addu'a ba. Kuskurensa shi ne da ya mai da ciwo laifi, ya kuma tsaya a nan. Tabita ta yi addu'a, ta kuma tashi ta yi tambaya, Allah kuwa ya amsa mata ta bakin waɗanda suka warke.

Iya Gwamma ita ce waɗanda suka yi karatun wannan aiki suka ƙware, likitocin lafiyar ƙwaƙwalwa da masu ba da shawara, waɗanda ake samu a asibitoci da waɗansu cibiyoyi. Zuwa wurinsu ba juya wa Ubangiji baya ba ne, gama shi ne ya ba su sanin. In za ka nema, yi irin tambayar Tabita. Ka je asibiti ka tambaya, ka tambayi fasto ko wata uwa da ka amince da ita, ka tambayi wanda ya taɓa zuwa ya sami sauƙi. Na ƙwarai yakan saki asabari kafin ka buɗe baki, ba za ka ji maganarka a kasuwa ba. Sauraronsa ya fi maganarsa yawa. Ba zai yi maka alkawarin warkewa a zama ɗaya ba, in kuwa abin ya fi ƙarfinsa zai tura ka gaba. In ka faɗa hannun wanda ya tozarta ka, kada ka rantse kamar manomin nan. Akwai wani a ƙetaren rafi. In kuma zuciyarka ta fara raya maka ka hallaka kanka, kada ka jira gobe, ka gaya wa wani yau, a kai ka asibiti.

Za ka iya rasa geron bana. Akwai ranakun da za ka koma gida kana ganin ba abin da ya fito. Ka komo gobe. Wata rana wani naka zai ja zane zai rufe, kai ne za ka ce masa kada ya rufe, gama ka san hanya.

Ubangiji ya ba mu ƙarfin halin buɗe ciwonmu, ya haɗa mu da hannu mai haƙuri. Amin.