Habila Bakanike da Tsofaffin Notuna Takwas

A wani gari da ke gindin duwatsu an yi wani bakanike mai suna Habila. Hannunsa na da kyau a aiki, wannan kam ba mai musu. Sai dai mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. In yana cin tuwo ƙafarsa na kaɗawa, in ana sujada a coci idonsa na kan agogon bango, in kuwa ka tsaya gaishe shi, kafin ka kai ga tambayar iyali ya riga ya cusa kai cikin bonet.

A bayan garejinsa akwai wata tsohuwar mota da ya saya a mace, ya yi shekara uku yana tayar da ita. Ba don ɗaukar fasinja yake gyara ta ba. Kowace shekara bayan girbi, masu son gudun mota sukan taru a tsohuwar hanyar masu haƙar kuza, wadda ta hau tudu tana lanƙwasa. Sai a rufe hanyar, kowa ya hau shi kaɗai ana duba masa lokaci. Habila ya je kallo sau ɗaya, ya dawo gida ya kasa cin abinci. Tun daga ranar ya ƙudura a ransa cewa injin da zai cinye wannan tudu, shi zai haɗa shi da hannunsa.

To, ku da ba makanikai ba, bari in gaya muku abu ɗaya don ku bi labarin. Inji yana da sama, yana da ƙasa. A sama ne mai da iska suke haɗuwa wuta ta kama, kuma shi ne ake gani in an buɗe bonet. Ƙasa kuwa yana can cikin baƙin mai, a rufe da kwano. A nan fistin huɗu suke hawa da sauka, kowanne yana tura wata sandar ƙarfe, sandar kuma tana juya babban ƙarfen nan da makanikai ke kira karanshaf, wanda daga gare shi ƙarfi ke tafiya zuwa tayoyi. Abin da ke riƙe kowace sanda a jikin karanshaf noti biyu ne kawai, kowanne bai fi tsawon yatsa ba. Sanda huɗu, noti takwas ke nan.

Habila ya samo turbo, wato na'urar da ke ɗura wa inji iska da ƙarfi har ya yi aikin inji biyu. Ya ɗaura ta, ya goge ta tana sheƙi, ya aika a kira masa Baba Irmiya, tsohon maigidansa da ya koya masa aiki, wanda ciwon baya ya sa ya ajiye sifana. Tsohon ya zo yana dogara sanda, ya leƙa, ya duba ta da kyau.

"Ta yi kyau," in ji shi. "Amma duk ƙarfin da ka ƙara a sama, a ƙasa zai sauka. Me ka yi wa ƙasan?"

A nan dole in yaba wa Habila, domin ya ji magana. Ya sauke injin, ya warware shi ɗaya bayan ɗaya. Ya sa sababbin fistin masu jure wuta. Ya kai karanshaf aka gyara masa fuska, ya sake famfon mai, ya duba sandunan nan huɗu ya same su garau. Abin da ya rage kaɗai shi ne notuna takwas na ƙarfe mai ƙarfi, waɗanda ba a samu a garin, sai daga Legas. Ya yi waya, aka ce an ba wani direba, suna hanya. Saura kwana tara a yi gasar.

Wayyo, kwanakin nan sun ba mutanen tasha wahala. Da safe Habila yana can, da azahar ya koma, da la'asar ga shi kuma. Yau a ce motar ta lalace a hanya, gobe a ce an juye kayan a wata motar, jibi a ce wancan direban ya wuce wani gari da su. In ya dawo gareji sai ya zagaya injin da ke kan tebur, ya ɗauki tsumma ya goge abin da ya riga ya goge, ya fita bakin titi, ya dawo. Motocin mutane suna jiran gyara, bai ko kalle su ba. Matarsa Rifkatu ta kawo masa abinci ta tarar da na jiya a rufe yadda ta bar shi.

"Maigida, wannan tudun fa ba inda za shi," ta ce. "Baɗi ma yana nan."

"Ke ba ki gane ba," in ji shi, ya ɗauki waya ya sake kiran Legas.

Ran Laraba, saura kwana uku, ya dawo daga tasha hannu wofi. Idonsa ya faɗa kan gwangwanin da ya zuba tsofaffin notunan da ya kwance. Ya juye su a tafin hannu. Baƙaƙe ƙirin suke da dattin shekaru. Ya zuba fetur a kwano, ya wanke su da buroshi ɗaya ɗaya, ya shanya a kan farin ƙyalle. Sai ga su suna walƙiya, ba tsatsa, ba lanƙwasa, ba ko ƙwarzane. Zuciyarsa ta ce masa, me ya raba waɗannan da sababbi?

Yana cikin haka Baba Irmiya ya shigo. Da ya ga abin da ke kan ƙyallen, ya gane nufinsa. Ya zaro ɗan ma'aunin ƙarfe da ba ya rabuwa da aljihunsa, ya auna notunan duka takwas a hankali, yana kai su kusa da ido.

"Sun miƙe, ɗana."

"Da nawa, Baba?"

"Kamar kaurin gashin kai."

Habila ya yi dariya. "Haba Baba. Gashin kai ne zai hana ni gasa?"

"Noti in an ɗaure shi yakan ja, ya kama da ƙarfi," in ji tsohon. "Wanda ya ja har ya kasa komawa, ya gaji ke nan. Waɗannan za su kai ka kasuwa su dawo da kai shekara biyar. Amma gudun da kake so ka sa injin nan ya yi, ba za su ɗauka ba. Wanki bai mayar da su sababbi ba. Ka haƙura da bana."

"Baba, shekara uku fa nake kan motar nan."

"Ta huɗu ba za ta kashe ka ba."

Tsohon ya tafi. Habila ya kwashe notunan ya mayar cikin gwangwani. Ya fita bakin titi, ya dawo ya juye su. Ya sake mayarwa. Ya tuna masu kallo a kan tudu, ya tuna yadda ya cika wa abokansa baki. A karo na uku bai mayar ba. Ya ɗaura su, ya ɗaure kowanne daidai yadda ake ɗaurewa, ya kawo kwanon ƙasa ya rufe, ya zuba sabon mai. Da kwanon ya rufu, ba idon da zai iya sanin abin da ke ciki.

Ran Alhamis ya mayar da injin cikin mota, ya murɗa makulli. Ƙarar da ta tashi sai da masu shaguna suka fito. Ya zagaya gari, injin yana amsawa kamar an yi masa alkawarin lada. Washegari Baba Irmiya ya ji ƙarar daga gidansa, ya tako har gareji.

"Sababbin sun iso ke nan?"

Habila yana goge hannu da tsumma, bai ɗago kai ba. "Sun iso, Baba. Jiya."

"Madalla. To gobe zan zo in gani da idona. Allah ya ba da sa'a."

Kuna tsammani hankalinsa ya kwanta? Ina. Dā jiran kaya ne ya hana shi sukuni, yanzu kuwa kunnensa ne. Ko ƙaramin dutse ya bugi ƙasan motar sai ya tsaya ya kasa kunne. Ba ya jin komai sai lafiyayyar ƙara. Sai ya ce wa kansa, ka gani, tsoron tsofaffi ne kawai. Bayan ɗan lokaci kuma ya sake tsayawa ya saurara.

Ran Asabar tudu ya cika da mutane. Da aka kira sunansa ya shiga, ya ɗaura bel, aka ɗaga masa tuta. Motar ta zabura. Ya sha kwanar farko, ya sha ta biyu, mutane a kan duwatsu suna ɗaga hannu. Bai taɓa jin daɗi irin wannan ba a ransa, kuma gaskiya ne, ba motar da ta hau rabin tudun nan da sauri kamar tasa a ranar. Da ya fito kwanar ƙarshe ya hango inda ake tsayawa, sai ya taka totur har ƙasa, ya riƙe.

Sai ya ji wata ƙara sau ɗaya, kamar an saki taɓarya cikin tukunyar ƙarfe. Hayaƙi ya turnuƙe, baƙin mai ya malala a kan hanya, motar ta yi ɗan gaba ta tsaya. Allah ya kiyaye, ko ƙwarzane bai yi ba. Ya fito ya buɗe bonet. Sanda ɗaya ta kuɓuce, ta fasa jikin injin ta fito waje, ta bar rami wanda dunƙulen hannu zai shiga. Fistin ɗin da ya saya, karanshaf ɗin da aka gyara, duk sun dagargaje a ciki. Aikin shekara uku ya ƙare a wurin, saura taku kaɗan ya kai.

Wani ya ɗauko Baba Irmiya a kan mashin ya kawo shi. Tsohon ya sauka da ƙyar, ya durƙusa duk da ciwon bayansa, ya laluba cikin man da ya zube, ya tsinto rabin noti. Ya goge shi a gefen rigarsa, ya duba.

"Na san wannan," ya ce a hankali. "Na auna shi ran Laraba."

Hawaye suka cika idon Habila. "Na yi maka ƙarya, Baba."

"Ni ka gaya mini na yarda, ɗana," in ji tsohon. "Injin ne bai yarda ba."

Yanzu ga abin da misalin nan yake nufi, 'yan'uwa. Motar nan rayuwarka ce, kai da kake saurare. Turbo kuwa shi ne ƙarin da muke roƙon Ubangiji kullum: a ba ni babban aiki, a sa ni gaban mawaƙa, a zaɓe ni dattijon ikkilisiya, a san da ni a gari. Roƙon ba laifi ba ne. Amma kowane girma da aka ƙara maka a inda mutane ke gani, nauyinsa yana sauka ne a inda ba sa gani, wato halinka a cikin gida, da abin da kake yi in ba kowa, da addu'ar da ba wanda ya ji.

Ku lura, Habila ba malalaci ba ne. Kusan komai ya gyara. Ba jahili ba ne kuma, an auna an gaya masa. Abin da ya kashe injinsa ƙanana ne guda takwas da ya san sun gaji, ya wanke su maimakon ya canza su, don ya kasa jiran kwana kaɗan. Wannan ne yake ba ni tsoro, domin na san halin a jikina. Akwai fushin da ka saba yi wa matarka, akwai 'yar ƙaryar da ta zama maka kamar gaisuwa, akwai ɗan'uwan da ka ƙi yafe wa tun shekaru. Ran Lahadi sai mu wanke su, mu sa farar riga a kai, mu rufe kwano. Kuma suna riƙewa. Su kai ka kasuwa su dawo da kai, har ka ce masu yi maka gargaɗi tsoro ne ya yi musu yawa. Ba a ranar tafiya a hankali suke tsinkewa ba. Sai ranar da aka ba ka abin da ka daɗe kana roƙo, nauyi ya hau kanka gaba ɗaya, jama'a kuma suna kallo.

In Ubangiji ya jinkirta maka wani abu, kada ka yi ta safa da marwa kana cewa ya manta da kai. Mai yiwuwa ƙasanka yake so ya ƙarfafa tukuna, kuma shi ba wanki yake yi ba, sabuwar zuciya yake bayarwa. In ya aiko maka wani Baba Irmiya, ko fasto ne, ko mahaifiyarka, ko matarka, ya ce maka wurin nan ya miƙe, kada ka tambaye shi da nawa.

Ni ban san notinka ba. Fasto bai sani ba, wanda ke zaune kusa da kai ma bai sani ba, kuma in ka ce mana sababbi ne za mu yarda mu sa maka albarka. Kai ka san shi, domin tun da na fara bayanin nan zuciyarka take nuna maka shi. Ka buɗe kwanon yau da hannunka, a gaban Ubangiji, tun motar tana cikin gareji.