Gyadar da Istifanus Ya Ba Aku

Akwai wani manomi mai suna Istifanus, yana zaune a wani ƙauye a gindin dutse tare da matarsa Afiniki. 'Ya'yansu sun girma sun watse, babbarsu Rifkatu tana aure a birni, saboda haka gidan ya rage su biyu, sai na ukunsu, wani aku.

Akun nan ƙanen Afiniki ne ya kawo mata shi daga kudu a cikin kwando, tun gashinsa bai gama fitowa ba. Jikinsa ruwan toka, wutsiyarsa ja wur. Ta sa masa suna Baƙo, wai don ya zo daga nesa. Shekara goma sha tara ya yi a gidan, ya ga yayen yara ya ga aurensu, amma har yanzu Baƙo ake ce masa.

Afiniki kuwa ba ta wasa da shi. Da gari ya waye, kafin ta ɗora tukunya, sai ta yaye zanen da take rufe kejinsa da shi, ta share ƙasan kejin, ta wanke kwanon ruwansa. Takan yanko masa gwanda, ko ta karyo masa ɗanyen masara, ko reshen gwaiba don ya sami abin tauna. In zafi ya yi sai ta guntsi ruwa ta fesa masa, shi kuma ya buɗe fikafikai yana ihu kamar an ba shi sarauta. In ya sunkuyar da kai, ta san susa yake so, sai ta sa yatsa ta sosa masa ƙeya har ya lumshe ido. Amma abin da ya fi ba maigidan dariya shi ne yadda take ba shi gyada. Ba ta zuba masa haka kawai. Sai ta ɓare, ta dudduba, ta ciji gefen ƙwaya ɗaya ta ɗanɗana, sa'an nan ta miƙa masa.

Wata rana Istifanus ya ce mata, "Ni da na aure ki, ban taɓa ganin kin ɗanɗana mini gyada ba. Ashe tsuntsu ya fi ni gata a gidan nan."

Ta ce, "Kai ai kana da bakin cewa da ɗaci, Baban Rifkatu. Shi kuwa, duk surutun nan da kake ji, abin da muka faɗa ne yake maimaitawa. Ba wanda ya koya masa yadda zai ce ba ya so."

Istifanus ya yi dariya, ya saɓa fartanyarsa ya tafi gona. Maganar ba ta raka shi ko ƙofar gida ba.

Ana nan, wata damina Afiniki ta kwanta ciwo, kwana tara Ubangiji ya kira ta gida. Aka yi jana'iza, matan zumunta suka yi ta waƙa suna kuka, dangi suka zauna kwanakin da za su zauna, sa'an nan kowa ya kama gabansa. Ranar da gidan ya zama shi kaɗai, Istifanus yana zaune a inuwar rumbu da tsakar rana, ya rasa abin da ke masa daɗi, sai ya ji an ce, "Baban Rifkatu, taso ka ci abinci!"

Muryarta ce, ba ragi ba ƙari, har da 'yar dariyar da takan yi a ƙarshe. Ya miƙe zumbur, sai da ya kai ƙofar madafa ya ga murhu a mace, sa'an nan ya tuna. Ya juyo ya ga Baƙo a kan sandarsa ya karkata kai yana kallonsa. Dattijon nan da ya daure a bakin kabari bai zubar da hawaye ba, ranar ya zauna a ƙasa ya yi kuka sosai.

Daga ran nan kiran tsakar rana ya zama abin da ya riƙe shi a duniya. Ko yana tsakiyar kunya a gona, in ya ga inuwarsa ta dawo ƙarƙashin ƙafarsa, sai ya ajiye aiki ya nufi gida, don kada a kira shi ba ya nan. Ya dafa ɗan abin da zai dafa, ya zauna kusa da keji, ya jira. In aka kira shi, ya amsa, "Ga ni nan, Maman Rifkatu," sa'an nan ya sa hannu a kwano. Rifkatu ta roƙe shi ya koma wurinta a birni, ya ƙi. Ta ce to ya ba ta akun ta kula da shi, ya ce sai dai bayan ransa. Duk wanda ya ce Istifanus ba ya ƙaunar tsuntsun nan, ƙarya yake yi.

A shekarar nan ruwa ya yi jinkirin ɗaukewa. Ya cire gyadarsa ya shanya, sai ga ruwan ƙarshe ya sauka a kanta har sau biyu. Da ya zo ɓara, ya tarar wata ta yi baƙi, wata ta motse, wata kuma funfuna ta kama ta. Ya shimfiɗa tabarma ya zauna yana tsincewa ɗaya bayan ɗaya, gama shi mutum ne da aka san shi da kaya mai kyau. Manya-manyan ƙwayoyi ya ware na iri, ya ɗaure a buhu ya kai rumbu. Masu bi musu ya ware na kasuwa, don ba ya so a ce gyadar Istifanus da ɗaci. Abin da ya rage, wanda shi kansa ba zai sa a baki ba, ya cika ƙwarya babba.

Ya dubi ƙwaryar ya ce a ransa, "Zubarwa ai asara ce. Tsuntsu ne, ina ya san bambanci?"

Ya ɗebo ya zuba wa Baƙo. Baƙo ya ɗauki ɗaya da ƙafa, ya juya ta, ya taɓa da harshe, ya yar. Ya ɗauki wata, ya yar. Kafin yamma ƙasan keji ya cika da gyada. Istifanus ya ce, "Oho, sangarta ce. Uwar ɗakinka ta lalata ka." Ya tattara ya mayar masa a kwano. Ga kaka, aiki ya sha masa kai, gwanda da ɗanyen masara sun zama sai an tuna, kwanon ruwa ma sai ya yi kore kafin a wanke. Kwana biyu Baƙo yana yar da gyadar, a rana ta uku yunwa ta ci ƙarfinsa, ya ci. Istifanus ya ce, "Ka gani? Da ma na sani za ka saba."

Kowace rana kuma, da tsakar rana ta yi, tsuntsun da ya ci funfuna da safe yakan buɗe baki ya ce, "Baban Rifkatu, taso ka ci abinci!" Har da dariyar. Mutumin ya amsa, ya ji sanyi a zuciyarsa, ya ci tuwonsa. Bai taɓa duba cikin kwanon wanda ya kira shi ba.

Bayan wata biyu muryar ta fara dushewa. Istifanus ya ce sanyi ne. Daga baya dariyar ta ɓace, sai kiran kaɗai. Sa'an nan kiran ya gutsure, ya zama "Baban Rifkatu" kawai, shi ma da ƙyar. Baƙo ya daina buɗe fikafikai, yakan kumbura gashi ya lafe a gefe guda, in yana numfashi wutsiyarsa tana ɗagawa tana sauka, ana jin wani ɗan fito a maƙogwaronsa.

A kwanakin nan ne Tabita, yayar marigayiyar, ta zo daga ƙauyensu don ta duba shi. Bayan sun gaisa ta nufi keji, ta tsaya ta daɗe tana kallo. Ta sa hannu a kwanon, ta ɗauki ƙwaya ɗaya, ta cija yadda ƙanwarta takan yi. Nan take ta tofar, ta goge harshe da bakin zane.

Ta ce, "Baban Rifkatu, wannan kake ba shi?"

Ya ce, "Ai yana ci, Yaya."

Ta ce, "Yana ci don ba shi da wani. Kai ka taɓa ɗanɗanawa?"

Ta miƙa masa ɗaya, ya karɓa ya tauna. Ɗacin ya gauraye bakinsa har wuya, a cikin ɗacin nan kuma maganar Afiniki ta dawo masa ɗaya bayan ɗaya, cewa ba wanda ya koya wa tsuntsun yadda zai ce ba ya so.

Washegari da sassafe ya rufe kejin da zanen matarsa, ya ɗaure a bayan keke, ya tafi gari wurin likitan dabbobi. Likitan ya duba, ya kasa kunne ga numfashin, ya tambayi abin da tsuntsun yake ci. Da aka gaya masa sai ya girgiza kai, ya ce, "Baba, funfunar ta shiga hanyar numfashinsa, ta kai har inda murya take fitowa. Ga magani, a gwada. Amma da ka zo tun ranar da muryar ta fara canjawa, da ya fi."

Istifanus ya dawo gida. Bai ko sha ruwa ba ya shiga rumbu, ya kwance buhun iri, wanda ya yi niyyar ba zai taɓa ba sai ruwan shuka. Ya zaɓi ƙwaya mafi girma, ya ciji gefenta ya ɗanɗana, zaƙi kamar madara, ya miƙa wa Baƙo. Baƙo ya karɓa da ƙafa, ya riƙe, ya kai baki, amma ya kasa ci. Gyadar ta faɗi. Sai Baƙo ya sunkuyar da kansa ta tsakanin sandunan kejin. Istifanus ya sa yatsa ya sosa masa ƙeya, abin da bai yi ba tun ranar da aka binne Afiniki, yana cewa, "Ka yafe mini, Baƙo. Ka yafe mini."

Kwana huɗu ya yi yana jinyarsa. Ya wanke keji fes, ya yanko gwanda, ya ɗiga magani a kan lokaci, bai je gona ba. Duk abin da ya kamata ya yi tun da farko ya yi shi a kwana huɗun nan. A rana ta biyar da hantsi Baƙo ya sauko daga sandarsa ya kwanta a ƙasan keji, bai ƙara tashi ba.

Istifanus ya naɗe shi a zanen nan ya binne a gindin gwaiba, Tabita tana tsaye a gefe. Da suka gama, ya koma inuwar rumbu ya zauna. Rana ta yi tsaka, inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa, gida tsit. Ga buhun iri a buɗe kusa da shi, cike da gyada mai kyau. Ya ɗaga kai ya ce, "Yaya, ranar farko Ubangiji ne ya ɗauke ta, ban yi gardama ba. Yau kuwa ni da hannuna na rufe mata baki."

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Manomin nan mu ne. Gyadar kuwa ita ce abin da Ubangiji ya sa a hannunmu kowace rana, wato lokacinmu, da ƙarfinmu, da haƙurinmu, da maganar bakinmu. Mun iya tsincewa ƙwarai. Fara'a da tattausan harshe mukan kai kasuwa da wurin aiki da ƙofar majami'a, don kada sunanmu ya ɓaci. Abin da ya rage a ƙwarya, gajiya da tsawa da ɓacin rai, shi muke kawowa gida mu zuba wa waɗanda suke ƙaunarmu.

Akun nan kuwa shi ne duk wanda Allah ya ajiye kusa da kai, wanda ta bakinsa kake samun ta'aziyya, amma ba shi da bakin kai ƙara. Tsohuwar uwarka ce, wadda in ka tambaye ta za ta ce lafiya lau. Matarka ce, ko mijinki, da ya daina gunaguni, ka ɗauka ya saba. Ba sabo ba ne. Yana ci ne don ba shi da wani kwano.

Haka kuma muke yi wa Ubangiji, mu ba shi guntun lokacin da barci da kasuwa suka rage. Shi dai ba ya ramewa saboda ragowarmu. Amma kiran da yake yi mana kullum, mu taso mu ci, yakan yi ta dushewa a kunnenmu, mu ce sanyi ne, har ranar da za mu zauna mu kasa kunne mu ji shiru.

Ku lura, Istifanus ba mugu ba ne, wannan ne ma abin da yake ba ni tsoro. Ya ƙaunaci muryar, bai kula da mai muryar ba. Gyada mai kyau kuma tana cikin rumbunsa tun ranar farko, taku goma daga kejin. Ubangiji mai gafara ne, na kuwa gaskata ya gafarta masa, amma gafarar ba ta dawo da kiran tsakar rana ba.

Saboda haka, yau in kun koma gida, kafin ka miƙa wa na kusa da kai magana, ko fuska, ko lokaci, ka fara cizawa ka ɗanɗana. In da ɗaci, kada ka ba shi. Ka kwance buhun iri tun mai kiranka yana da murya.