Zaman da Ariyandus Ya Yi wa Yayansa

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, tun aljanu na shiga kasuwa da rana tsaka ba mai waiwayensu, an yi wani tsibiri a tekun Yunana mai suna Talmira, mai fararen duwatsu da itatuwan zaitun da suka tsufa har suka sunkuya. Sarkin tsibirin shi ne Halkidun, mai jiragen ruwa masu yawa da 'ya ɗaya tak, Gimbiya Ilantiya. Ana nan sai iska ta ɗauke. Filafilan jirage suka saki kamar wankin da aka manta a igiya, hatsin da ake kawowa daga ƙetare bai iso ba, yunwa ta fara leƙa gidaje.

A tsibirin akwai wani jarumi, Ariyandus, wanda mawaƙa suka cika duniya da sunansa. Shi ya karya wuyan bijimi mai ƙahon tagulla, shi ya kashe ƙatuwar ƙaguwar da ke haɗiye jirage. Abin da mawaƙa ba sa faɗa shi ne, duk inda ya je yayansa Tilon ne ke tuƙa shi, mutum mai ɗingishi da yawan tsokana, wanda yakan ce masa, "Kai ka yi kisa, ni in wanke jini daga jirgi, kuma kai za a yi wa waƙa. Haka aka raba mana, ƙanena." A tafiyarsu ta ƙarshe teku ta ci Tilon.

Al'adar mutanen Talmira kuwa ita ce, in teku ta ci mutum, ɗan'uwansa na jini zai zauna a bakin ruwa, ba ya taɓa ƙarfe ko da allura ce, har wata ya mutu wani ya tsaya. Da haka ne kurwar mamacin ke gane hanyar gida ta kwanta. In zaman ya ɓaci sau ɗaya, ana iya sakewa. In ya ɓaci sau biyu, mamacin ya ɓata har abada. Ariyandus ya fara zaman, bai yi nisa ba sarki ya aiko a tashe shi yaƙi, ya ɗauki takobi. Tun daga nan ba a sake barinsa ya huta ba, zama ɗaya ne kuma ya rage wa Tilon.

Da yunwa ta tsananta, sarki ya tara fada ya ce, "Ya kai garkuwar Talmira, bokayena sun duba, sun ce aljanar da ke saƙa iska a Dutsen Shuɗi ta ajiye aikinta. Ka je ka tilasta ta. Ran da iska ta dawo, Ilantiya matarka ce."

Ariyandus ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, yayana yana cikin ruwa har yanzu. A ba ni wata ɗaya in zauna masa."

Sarki ya ce, "Wanda ya mutu zai iya jira. Talakawana ba za su iya ba."

Haka ya shiga jirgi shi kaɗai, ya yi ta tuƙi da hannu a kan tekun da ke kwance kamar narkakkiyar dalma, har tafin hannunsa ya yi kanta ya fashe, a lokacin ne ya san nauyin abin da Tilon ya daɗe yana yi masa yana dariya. Da ya isa Dutsen Shuɗi, ya tarar da aljanar zaune, tsohuwa doguwa mai idanu kamar gishiri, zarurrukan saƙarta sun miƙe daga ƙafafunta sun nutse cikin teku.

Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai ne wanda ake yi wa waƙa? Na ɗauka za ka fi haka cika ido. Mayar da takobin nan kube, ɗana, ba ƙin aiki nake yi ba. Ja zaren nan ka ji."

Ya ja, shi da ya kayar da bijimi, zaren bai motsa ba.

Ta ce, "Sarkinku ke tashin masu makoki daga bakin ruwa ya tura su yaƙi. Duk mamacin da ba a zauna masa ba, zarena yake kamawa, har sun yi mini nauyi. Na gabansu wani mai ɗingishi ne. In shi ya ga hanya ya saki, sauran za su bi shi, domin sun san matuƙi ne. Ka zauna masa a nan. Amma takobinka zan kafa kusa da gwiwarka, kuma duk abin da ke cikin teku zai zo ya gwada ka."

Ariyandus ya zauna a kan yashi. Bijimin da ya kashe ya fito daga ruwa yana huci, ya tsaya a kansa har yawunsa na ɗiga masa a wuya. Bai miƙa hannu ba. Ƙaguwar ta fito ta yage masa fatar ƙafa. Ya dubi jinin kawai. Rana ta gasa shi, gishiri ya tsattsaga masa leɓe, wata ya yi ta raguwa. Waɗannan duk ba su ba shi wuya ba, domin ya riga ya gaji da faɗa tun kafin ya zo.

Ran da wata zai tsaya, da la'asar sakaliya, sai ya ji muryar Tilon daga cikin ruwa, da irin kukan da ya yi ran da ya nutse. "Ƙanena, sun kama ni! Ɗauko takobi, ƙanena!"

Hannunsa ya tashi da kansa, har ya ji sanyin ƙarfen a iskar da ke tsakaninsu. Bai san ko yayansa ne da gaske ko yaudarar teku ce ba, ba kuma wanda zai tambaya. Ya kama hannun da ɗaya hannun, ya danne shi ƙarƙashin cinyarsa, hawaye na zuba, ya ce, "Yaya, duk wanda ya kira ni a duniya ƙarfe yake so in ɗauka, kuma na ɗauka. Yau dai ka bar ni in zauna maka."

Kukan ya daɗe, sannan ya yi shiru. Jinjirin wata ya leƙo ta yamma. Sai ya ji wata murya kusa da kunnensa, a hankali, da dariya a cikinta. "Ashe ka iya zama wuri ɗaya. Tashi ka nemi abin da za ka ci, ka rame. Ni na ga hanya."

Zarurrukan suka yi sako-sako ɗaya bayan ɗaya. Aljanar ta taka masaƙarta, iska mai sanyi ta taso ta busar masa da fuska.

Da ya koma Talmira, jiragen hatsi sun riga shi isa. Ya tsaya gaban sarki ya faɗi abin da ya gani, bai rage komai ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, kai ka tsayar da iskar nan, ba aljana ba." Gimbiya Ilantiya ta fito daga bayan labule ta ce, "Baba, in ba ka yi doka a kan wannan ba, to ba da ni za a yi biki ba." Sai sarki ya sa aka yi shela cewa daga ranar ba mai tashin mai makoki daga bakin ruwa, ko da abokan gaba na ƙofar gari.

Aka ɗaura aure, aka yanka shanu, mawaƙa suka jeru suna lissafa dodannin da ango ya kashe. Ba su kai rabi ba, da rana tsaka, kan Ariyandus ya karkata ya sauka a kafaɗar amarya, barci ya ɗauke shi. Sarkin makaɗa ya matso zai tashe shi da kirari, sai Ilantiya ta ɗaga hannu.

"Ku tsai da gangunan nan," in ji ta. "Ku bar shi."

Aka tsayar. A nan labarin ya sauke kayansa.