Tsohon da Ya Hana Yara Ciyar da Agwagi

An yi wani tsoho manomi wanda gidansa ke bakin tafkin gari, inda mata ke wanki, magina ke ɗiban ruwa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun tafi birni, sai lokacin Kirsimeti yake jin muryarsu a waya. Abin da ya rage masa a gidan shi ne agwagi goma sha biyu. Da safe yakan buɗe musu ƙofa su gangara ruwa, da la'asar kuma ya buga kwanon dusa da sanda, su taho a jere suna rangaji.

To, hanyar makarantar firamare ta bakin tafkin nan ta bi. In an tashi, yara sukan tsaya su jefa wa agwagin abin da ya rage a hannunsu, ƙanzon tuwo ne, guntun burodi ne, har ƙosan da ya kwana. In sun hango tsohon a gindin darbejiya sai su ce, "Baba, ina wuni?" Shi kuwa ya amsa da ƙyar kamar mai ciwon haƙori. Gaisuwar nan ita kaɗai ke shiga kunnensa a yini, amma bai lura ba.

Ana nan sai gefen ruwan ya soma wari, gama abin da agwagin suka bari yana ruɓewa a ciki. Mata masu wanki suka fara gunaguni. Abin da ya fi ƙona wa tsohon rai kuwa, in ya buga kwano agwagin ba sa zuwa, sun riga sun ƙoshi. Sai ya ɗauki sandarsa ya nufi wurin mai unguwa.

Mai unguwa ya ce, "Baba, ai yara ne. Ka ba su dusa, ka nuna musu su riƙa zubawa a tudu. Ruwa ya huta, kai ma ka huta."

Tsohon ya ce, "Ban tara agwagi don 'ya'yan wasu ba. A hana su kawai."

Aka aika wa hedimasta, aka hana. Yaran suka koma bi ta bayan kasuwa. Ruwa ya washe, agwagi suka dawo suna amsa kiran kwano, tsohon ya yi mako guda yana murna. A mako na biyu, yana zaune a gindin darbejiya, sai ya tuna tun ranar Lahadi bai yi magana da ɗan adam ba. Agwagwa kuwa ba ta gaisuwa. Ta ci dusarka ta juya maka baya. Kaɗaici ya kama shi ƙwarai, har abinci ya daina yi masa daɗi.

Washegari ya cika kwano da dusa, ya tafi bayan kasuwa ya tsaya a hanya lokacin tashin makaranta. Da yaran suka iso, ya ce, "Ku zo mu je tafki, ga dusa ku ba su."

Wata yarinya, babba a cikinsu, ta durƙusa ta ce, "Baba, an hana mu. An ce duk wanda aka gani a can zai sha bulala."

"Wa ya hana ku?"

"An ce kai ne, Baba."

Suka wuce. Ya tsaya riƙe da kwanon har hanya ta yi shiru, sa'an nan ya koma gida shi kaɗai.

Yanzu ga ma'anar misalin nan. Tafkin shi ne gidan Allah, wanda ba na mutum ɗaya ba ne. Tsohon kuwa mu ne, manya. Kada wani ya ce tsohon bai yi gaskiya ba. Ruwan ya ɓaci, kuma bai kamata yaro ya zuba ruɓaɓɓen abinci inda jama'a ke wanki ba. Laifinsa shi ne an ba shi zaɓi tsakanin koyarwa da kora, ya ɗauki kora domin ta fi sauƙi. Garin neman gira ya rasa ido.

Ku yara, in babba ya kwaɓe ku, ku tambaye shi yadda za ku yi daidai, kada ku canja hanya. Mu manya kuma mu ji tsoron Allah. Ubangijinmu bai taɓa korar yaro daga wurinsa ba, amma mu mun ƙware, saboda surutu ko saboda ɗan datti. Ba da wani nake ba. Makon jiya ni da kaina na daka wa wata yarinya tsawa don ta zubar da ɓawon gyaɗa a ƙarƙashin bencin can na baya a majami'ar nan. Yau tun da na shigo nake duban wurin. An share shi tas, ita kuwa ba ta zo ba.